Na faɗi a shago ranar biyu ga azumi

Ni tela ne a Kaduna, shekara 19 ke nan ina kan keke. Musulmi ne ni, ɗan Musulmi, ina da mata da 'ya'ya huɗu, kuma na yi shekara 9 ina shan giya mahaifiyata ba ta sani ba. Ban taɓa faɗin wannan magana a bainar jama'a ba. Abin da ya sa zan faɗe ta yanzu shi ne hanyar da na bi don in daina ta kusa kai ni kabari, kuma na san akwai masu niyyar bin ta a azumi mai zuwa.

Ba da kwalba na fara ba. Ciwon baya ne ya kai ni. Duk wanda ya yi zaman keke daga hantsi zuwa tsakar dare ya san ciwon nan da ke kama ƙugu ya haura har dokin wuya. A 2014 wani abokin sana'a ya miƙo min 'yar leda mai ɗaci, ya ce haɗin saiwoyi ne, tana maganin ciwon baya da basir. Na sha, bayan ya saki, na yi barci mai nauyi. Tun a leda ta uku na san abin da ke ciki, tunda ga shi nan a rubuce a jikinta. Amma sunan magani da aka laƙaba mata ya ba ni inuwar fakewa. Daga mai ɗacin na koma fara tas, wadda ba ta da wani uzuri. Daga nan sai kwalba da dare, a wata mashaya can nesa da unguwarmu inda ba wanda ya san fuskata. Idan aljihu ya yi sanyi in sayi ogogoro na awo, duk da na ji labarin mutanen da irinta ta kashe a jihohin Ondo da Ribas a 2015, lokacin da aka samu guba a cikinta. Aljihun rigata ba ya rabo da kanumfari da goro. Da safe kuma farasitamol biyu, kusan kullum.

A shekarun farko azumi yana tsayar da ni. Saboda hadisin nan da ke cewa ba a karɓar sallar mashayi ta kwana 40, tun cikin Sha'aban nake ajiyewa. Daga baya ya zama sai saura mako guda. A 2021 da 2022 ban ajiye ba sam: in kai azumi da rana, bayan asham in sha. Wannan shi ne abin da ya fi komai ci min rai, kuma shi ya sa a 2023 na yi rantsuwa tsakanina da Allah cewa daga daren ganin wata an gama.

Daren Laraba 22 ga Maris na sha ta ƙarshe, wajen ƙarfe 11. Alhamis aka tashi da azumi. Shagona cike da ɗinkin Sallah, shadda da yadi jibge har bakin ƙofa. Kafin azahar hannuna ya fara rawa. Na yi ta ƙoƙarin zura zare a allura, abin da nake yi ko ido rufe, ya gagara, sai da na kira ƙaramin yaron shago ya zura min. Gumi ya jiƙa min riga. Na ce zafin bazara ne da yunwar ranar farko. Bayan an sha ruwa na amayar da kunun da na sha. Daren nan ban runtsa ba, zuciyata tana bugawa har a kunnena nake jin ta.

Ranar Juma'a na lallaɓa na je masallaci na dawo. Ina zaune gaban keke, wata farar shadda a hannuna, sai na ga tururuwa tana bin ta. Na karkaɗe, ba ta tafi ba. Iyakar abin da na sani ke nan. Yarana sun ce na yi wata ƙara, na sandare, na faɗo daga kujera ina jijjiga, kumfa da jini a bakina don na ciji harshe. Wani ya kwara min ruwa, wani ya nemi cusa min cokali a baki, maƙwabcin shago ya fara ruƙiyya, don kowa ya ɗauka iska ce. Yayana ne da aka kira ya ce a ci gaba da addu'a, amma a cikin mota. Lokacin ana fama da ƙarancin takardun naira, da kyar aka haɗa na katin asibiti.

An gwada maleriya, an gwada suga, an auna jini aka same shi ya hau sosai. Likitan, matashi ne da bai kai ni shekaru ba, ya dubi hannuna da ke rawa a kan zanin gado, sannan ya roƙi Yaya da matata su ba mu wuri.

"Malam, kana shan giya?"

Na ce, "Subhanallahi, likita. A'a."

Bai nuna ya ji haushi ba. Ya ja kujera ya zauna. "Ba wa'azi zan yi maka ba, kuma ba wanda zai ji daga bakina. Amma idan kana sha kullum, ka yanke shekaranjiya, to daren yau da na gobe su ne masu haɗari, kuma ina da maganin da zan tare su da shi. Idan ba ka sha, wani wajen zan nufa da bincike, mu ɓata lokacin da ba mu da shi."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce ina sha. Ya ce nawa? Na ce leda biyu. Ya yi shiru yana kallona, biro a hannu, bai rubuta ba. Na ce goma, wata rana ta wuce, da kwalba biyu da dare. Sai a lokacin ya rubuta.

Ga yadda ya yi min bayani daga baya, ni kuma na fahimce shi da keke. Giya tana danne ƙwaƙwalwa. Idan dannewar ta zama ta kullum, sai ƙwaƙwalwar ta ƙara wuta don ta ci gaba da aiki. Kamar mutum ne yana taka keke da dukkan ƙarfinsa, wani kuma ya riƙe wilin da hannu. Ranar da mai riƙon ya saki farat ɗaya, keken zai zabura ya karya allura. Rawar hannu da gumi da amai sukan fara cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Jijjiga irin ta farfaɗiya takan zo cikin kwana biyun farko. Mafi muni shi ne ruɗewar da kan zo a kwana na biyu zuwa na huɗu, mutum ya daina gane inda yake, jiki ya yi zafi, zuciya ta rikice. Wannan tana kisa idan ba a asibiti ake ba. Ni na faɗi wajen awa 40 bayan ledar ƙarshe, ga ƙishirwar azumi a kai.

Shekara 9 ina sha, na ji wa'azi a kan giya ba adadi, kuma duk gaskiya ne. Amma ban taɓa jin wanda ya ce mai sha kullum kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki ba. A wajenmu maganar giya iyakarta haramun ce, a rufe babin. Tunda an ɗauka ba mai sha a cikinmu, ba wanda ke koyar da yadda ake fita.

Sun sa min dayazifam, maganin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa, suna rage shi kowace rana. Sun yi min allurar bitamin B1, wanda nas ta ce jikin mashayi yana rasa shi, rashinsa kuma yana lalata ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake haɗa shi da ƙarin ruwa mai suga. Daren Asabar na ga mutane tsaye a jikin taga suna kiran sunana, na fizge robar ƙarin ruwan, sai da Yaya ya danne ni. Da asubahin Litinin na farka na gane matata, na gane silin, na ji yunwa. Kwanana 6 a gadon.

Kafin a sallame ni likita ya sa yaron shagona ya kawo ledar da babu komai a ciki daga ƙarƙashin teburin yanka, inda na gaya masa ina tara su. Ya karanta jikinta: mililita 30, kashi 40 cikin 100. Ya lissafa a gabana. Leda 10 ta ba da mililita 120 na tsantsar barasa. Kwalbar giya ta santilita 60 mai kashi 5 cikin 100 tana da mililita 30, biyu ke nan 60. Jimla 180 a rana. Ya ce a Ingila hukumomin lafiya suna ba masu sha shawara kada su wuce mililita 140 a mako. Abin da nake zuba wa cikina a yini ɗaya ya zarce na mako guda. Sannan ya yi min tambayoyi 10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, irin su ko na taɓa buƙatar sha da safe kafin in iya aiki, ko na taɓa manta abin da ya faru da dare. Maki 40 ne gaba ɗaya, wanda ya kai 20 ana ɗaukar jikinsa ya dogara da ita. Na ci 29.

Hoton ciki ya nuna kitse ya lulluɓe min hanta, gwajin jini kuma ya nuna tana shan wahala. Ya zana min matakai uku a bayan takardar magani. Na farko kitse, kuma yana iya washewa idan aka daina. Na biyu kumburi. Na uku hanta ta yi tabo ta ƙanƙance ta taurare, wannan kuwa ba ya komawa. Ina mataki na farko, ina leƙen na biyu. Ya sa aka gwada ni ciwon hanta nau'in B, don ya ce yana da yawa a ƙasar nan, kuma idan ya haɗu da giya hanta ba ta daɗewa. Allah ya taimake ni ba ni da shi, aka fara min rigakafinsa. Farasitamol ɗin da nake sha kowace safiya kuwa, ya ce kaya nake ƙara wa jakin da ya riga ya durƙushe.

Hanta dai kowa ya san giya tana cin ta. Abin da ban taɓa ji ba shi ne sankara. Ya ce jiki yana juya barasa ta zama wani sinadari mai lalata ƙwayoyin halitta, kuma tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa giya a sahun farko na abubuwan da ke haddasa shi, sahu ɗaya da taba. Ya lissafo baki, maƙogwaro, maƙoshi, hanyar abinci, hanta, hanji, da nono ga mata. Na taɓa maƙogwarona da farar leda ke ƙonawa kowace safiya.

Maganar azumi ita ta fi damuna. Na ce zan ɗauka washegarin sallama, likita ya ce a'a sai na gama magani. Yaya ya kawo malamin da muka yi karatun allo a gabansa, dattijo ne yanzu, na kasa ɗaga kai in dube shi. Ya ce marar lafiya an yi masa rangwame ya rama daga baya, kuma ni marar lafiya ne. Na ce, "Allah gafarta Malam, ni na jawo wa kaina." Ya ce ko da ni na jawo. Ya tuna min cewa haramcin giya bai sauka rana ɗaya ba: a Baƙara aka ce zunubinta ya fi amfaninta, a Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, sai a Ma'ida aka ce a nisance ta baki ɗaya. Ya ce hukunci ya riga ya tabbata, ba mai sassauta shi, amma wanda ya halicci mutum ya san yadda sabo yake kama jiki, don haka neman likita ba raunin imani ba ne. Sannan ya kawo labarin sahabin nan da ke cikin Bukhari, wanda aka sha kawowa saboda giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Na yi kuka a gaban Yaya, abin da rabona da shi tun rasuwar mahaifinmu.

Matata ba ta ce komai ba sai da muka koma gida yara suka yi barci. Ta ce, "Maigida, na fi shekara 6 da sani. Kanumfari ba ya rufe komai." Na ce me ya hana ta magana? Ta ce ta yi sau ɗaya, na yi mako ban ci abincinta ba. Na manta da wannan, ita ba ta manta ba. Ashe ita ma ɓoyon take yi, tana wanke min kaya da dare kada kishiyar yayarta da muke haya tare ta ji wari.

An tura ni asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa don ganin likitan masu shaye-shaye. Ranar farko na zagaya ƙofar sau biyu kafin in shiga, don kowa a Kaduna ya san abin da ake nufi idan aka ce an kai wane Barnawa. A layin na ga ɗalibai, na ga wani mai furfura da carbi a hannu, na ga mace da mayafi har ƙasa. Wata ma'aikaciya ta sa na sayi ƙaramin littafi, in riƙa rubuta duk lokacin da sha'awar ta taso: ƙarfe nawa, ina nake, me ya faru. Cikin mako biyu abin ya fito fili. Ƙarfe 5 na yamma ne, idan baya ya ɗaure, da kuma duk ranar da mai kaya ya zo ya yi min faɗa. Ta ce sha'awar tana tasowa ta kai ƙololuwa ta sauka, yawanci ba ta wuce rabin awa, aikina shi ne in tsallake wannan rabin awar. Na ɗaga kujerar keke da katako, na sa wa kaina dokar miƙewa duk awa ɗaya. Ƙarfe 5 in bar shagon in taka zuwa wajen mai shayi. Na daina bin layin da kes ɗin mai leda yake, ko da yake sabuwar hanyar ta fi nisa.

Makonnin farko ba daɗi, kada wani ya ruɗe ka. Barci ya ƙaurace min, ga saurin fushi, ga kwaɗayin zaƙi kamar yaro. Sallar nan kaya da yawa ban gama ba, wasu masu kayan sun kwashe abinsu, kuma ba su dawo ba har yau.

Sai na koma wa giya. Ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah, ƙarshen Yuni, na kwana biyu ina aiki, wani ya zage ni a gaban yarana kan wuyan riga. Na ce leda ɗaya. Kwana 4 na yi ina sha. A na biyar matata ta ajiye min littafin nan kusa da kofin koko, ba ta ce uffan ba. Na koma asibiti ina jiran a ce na ɓata musu lokaci. Likitar ta buɗe littafin ta ƙirga: kwana 90 da 'yan kai ban sha ba, kwana 4 na sha. Ta ce hantata ta san bambancin wannan da shan kullum, kwanakin nan ba su zube ba. Ta duba ko ina buƙatar magani, ta ga ban kai ba, muka ɗora daga inda aka tsaya. Da a ce kunya ta hana ni komawa a wannan mako, na san inda zan kasance.

A watan Oktoba aka sake gwaji. Alkaluman hanta sun sauko kusa da daidai, kitsen ya ragu a hoto. Jinina da aka auna 160 bisa 100 bayan an sallame ni ya dawo 130 bisa 85, har aka rage min ƙwaya. Barcin da nake yi yanzu daban ne da wancan: da giya takan kayar da ni da wuri, in farka ƙarfe 3 da bugun zuciya, yanzu kiran assalatu ke tashina. Ƙwannafi ya tafi. Kuɗin da na lissafa ina kashewa a wata ya kusa kuɗin makarantar 'yata ta biyu na zango guda. Akwai kuma abin da mu maza ba ma faɗa, wanda aka ce ledar tana ƙarawa. Ƙarya ce, ragewa take yi, kuma ya gyaru.

Ba kowa ne zai bi hanyata ba. Kafintan da ke kusa da shagona, Kirista ne, mutumin kirki, shi ya ba da motar da aka kai ni asibiti. Kwalba huɗu yake sha kowane dare. Da ya ga abin da ya same ni ya je aka duba shi, likita ya tsara masa ya rage sannu a hankali, yanzu sai ranar Asabar yake shan biyu. Jininsa ya sauka, tumbinsa ya ragu, ya daina makara. Duk abin da aka rage, jiki yana amfana. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa babu wani adadin giya da za a ce ba ya cutarwa, kuma ni da jikina ya riga ya kamu, leda ɗaya ta nuna min cewa ba ni da "kaɗan". Ga addinina kuma.

Abokin da ya miƙo min ledar farko ya rasu a ƙarshen shekarar. Ban riƙe shi a zuciya ba, shi ma wani ne ya miƙa masa. Na je duba shi, idanunsa sun yi ɗorawa, ciki ya kumbura kamar tulu, ƙafafu sun haye. Danginsa suna cewa shawara ce, wasu suna cewa sammu, ana ta jiƙe-jiƙe. Na ja ƙaninsa gefe na gaya masa abin da za a faɗa wa likita. Sun kai shi, amma ya riga ya kai mataki na uku. Aman jini ya yi. An ce giya ta kashe mutum miliyan 2.6 a duniya a 2019, na tabbata irinsa ba sa shiga lissafi, don a wajen zaman makoki "gajeruwar rashin lafiya" aka ce. A farkon 2024 hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sanar da hana giyar leda da ta ƙananan robobi, na yi murna, amma bayan sanarwar na ci gaba da ganin yara 'yan acaba suna tsotsarta a bakin tasha.

Idan kana sha kullum, hannunka yana rawa da safe har sai ka sha, kuma ka ƙudura azumin bana za ka yanke, niyyarka mai kyau ce. Ka je asibiti tun cikin Rajab ko Sha'aban. Ka nemi a fitar da kowa daga ɗakin, ka faɗi adadin na gaskiya. Idan kuma wani ya faɗi a gabanku yana jijjiga, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku sa masa komai a baki, ku nemi mota.

Azumi 11 na sha a waccan shekarar. Na rama su cikin sanyin Disamba, Litinin da Alhamis da abin da ya samu. Azumin 2024 na kai shi duka, na rufe karɓar ɗinki tun ranar 10 ga wata, na miƙa kayan ƙarshe ana saura kwana biyu Sallah. Mahaifiyata har yanzu hawan jini ta sani ya kayar da ni. Na yi shawara da Yaya, ya ce in bari sai bayan bikin ƙanwarmu, mu je tare in gaya mata.